Takardar da ke amalanken Abu Ra'fat

Duk wanda ya tashi a unguwarmu, bayan tashar jirgin ƙasa ta Damanhur, da ful ɗin Abu Ra'fat, dafaffen waken nan na karin kumallo, ya yi ƙashi. Sunansa na yanka Mitwalli, amma in ka kira shi da shi sai ya waiga yana neman wa ake nufi. Shekara arba'in yana tsaye a bayan koren amalankensa, ga ƙatuwar tukunyar tagulla mai ƙaramin baki a kishingiɗe, wake ya kwana yana dahuwa a cikinta. Mutum ne mai baki, ba ya zuba maka ful sai ya haɗa maka da tsiya. Ni tun ina 'yar firamare yake ce min Doktora, don na taɓa gaya masa mai ya yi yawa a kwanona. Bakinsa ya kama ni rabi da rabi: ban zama likita ba, na zama mai awon jini a wani ɗan ɗakin gwaji a saman kantin magani.

Ra'fat ɗin da ake kiransa da shi ɗansa ne, amma babu wanda ya san shi a cikinmu. Ya rasu yana ɗan shekara uku, a lokacin da ɗanyen ful ke shigowa kasuwa. Ya wayi gari idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, fitsarinsa kamar shayi, kwana biyu aka kai shi makwancinsa. Wasu suka ce kambun baka ne. Dangin matarsa suka ce waken uban ne ya kashe shi. Ba a gabansa suka faɗa ba, amma magana zarar bunu ce, tunda ta fita ba ta koma ba. Shekara talatin yana ciyar da 'ya'yan mutane, in ya ga wani ya zama ƙato sai ya nuna shi da ludayi ya ce, "Ga shaidata nan tana tafiya da ƙafa biyu."

A makaranta an sa mu haddace dangogin inzayim, sinadaran nan da ke tafiyar da aikin jiki, masu yankawa, masu haɗawa, masu ɗauko abu nan su kai can. Na haddace don jarrabawa, na manta rabi. Abin da ya zauna min shi ne yawancinsu 'yan zaman gida ne, in ka ga sun cika jini to gidansu ne ya fashe. Na hanta ya hau, hanta ta ji ciwo. Na zuciya ya hau, a nemi mota. Akwai guda ɗaya da muke nema saboda rashinsa, ana ce masa G6PD, shi ne mai gadin jajayen ƙwayoyin jini. Wanda aka haifa da ƙarancinsa, in ya ci ful sai ƙwayoyin su farfashe. Ta wajen uwa yake bi ya kama 'ya'ya maza, a ƙasar da mai kuɗi da talaka duk da ful suke karya kumallo.

Abu Ra'fat yana da 'ya ɗaya, Inshirah, ita kuma tana da ɗa ɗaya, Mazin, mai shekara biyu da rabi. Bara, sanyi na ƙarewa, yaron ya saci ƙosan ful a faranti, washegari aka kwashe shi zuwa babban asibiti. Ni ina hutu a Iskandariyya, labari kawai na tarar, wai ya yi shawara ya warke. Kwana goma da sallamarsa sai ga tsohon ya hawo matakalarmu yana haki, jika a kafaɗa, takardar likita ta awon G6PD a hannu.

"Doktora, zuƙi jinin angon nan ki wanke ni. Amma a hankali, in ya yi kuka ba ke ba ful sai baɗi."

"Ammu, kai da ludayinka ya fi allurata tsawo?"

Muka yi dariya, na ɗebi jinin. Akwai tambaya ɗaya da ake yi wa kowa kafin wannan awon, har a bangonmu an rubuta ta. Ban yi ta ba. Da baƙo ne da na yi, amma wa zai tsaya yi wa Ammu, kawunsa na unguwa, tambayoyi kamar ɗan sanda? Sakamako ya fito lafiya lau, na buga hatimi, na sa hannu. Ya karɓa, ya sa na karanta masa sau biyu. Kashegari na tarar ya sa takardar a gilashi ya rataye ta a goshin amalanke, kusa da Ayatul Kursiyyu. Duk wanda ya zo sai ya nuna masa. Na ji daɗi har zuciyata, ina ganin na biya shi ful ɗin shekara ashirin.

Wata Juma'a da hantsi, sati uku bayan nan, na fito da kwanona na tarar da amalanke a lulluɓe. Ban taɓa ganin haka ba, ko ranar salla. Mu'allim Gabir, mahaucin da ke kusa, ya leƙo yana goge hannu.

"Yau sai haƙuri, Doktora. Tsohon ya tara surukansa walima. Ya sayo ɗanyen ful buhu guda, wai a gabansu zai ciyar da jikan da hannunsa, kowa ya ji kunya."

"To ai takarda ta wanke shi," in ji ni.

"Takarda? Jinina ne ya wanke shi! Leda guda suka zuƙe min a asibiti don yaron nan. Ki duba shi yanzu, jajir kamar ɗan mahauta."

"An ƙara masa jini?"

"Au, ba ki sani ba? Wace irin Doktora ce ke?"

Kwanon ya suɓuce daga hannuna. Tambayar da ke bangonmu ke nan: an ƙara wa mai awon jini cikin wata uku da suka wuce? Jinin da na auna rabinsa ba na Mazin ba ne, na wani ƙaton lafiyayye ne da ya zo da masu gadinsa. Takardar da ke rataye a gabana ƙarya ce, ga sa hannuna a ƙasa.

Ban san na iya gudu ba sai ranar. Silifas ɗaya ya tsinke a bakin masallaci na bar shi. Ina gudu ina lissafi, ba na so amma kaina ya ƙi tsayawa: yaro mai kilo goma sha biyu, jinin jikinsa duka bai cika kwalbar lemo babba ba. Ko salati na kasa ƙarasawa.

A soron bene na same su, kan tabarmi. Surukai sun jeru, ga tire cike da koren ful da tsohon cuku. Abu Ra'fat na tsakiya cikin farar jallabiyya, Mazin a cinyarsa. Yaron na kau da kai, kakan na bin bakinsa da ƙwaya. A ƙasa na ga ɓawo biyu a ɓare.

"Ammu, tsaya! Kar ka ba shi!"

"Ga Doktora ma ta zo shaida. Zauna, 'yata, ina takalminki ɗaya?"

"Nawa ya ci?"

Inshirah ce ta amsa, tana kallon fuskata. "Bakwai ko takwas. Lafiya, Tahani?"

Na faɗa musu a tsaye, a gaban mutanen da ya tara don ya kunyata. Na ce awon bai inganta ba, na ce laifina ne. Wani surukinsa ya yi gyaran murya, na harare shi har ya haɗiye abin da zai ce. Tsohon ya yi ƙasa da murya.

"Likita ya ce min in jira wata uku. Na ce wata uku ina zan kai su? Na jira shekara talatin."

Inshirah ta fizge ɗanta, muka sauka.

A asibiti ba abin da za a yi sai jira. Waken ya riga ya shiga, ba a kiransa ya dawo. Yaron na wasa da makullin uwarsa, yana dariya, mu kuwa kowane minti sai mun ja fatar idonsa mun leƙa. Ban taɓa tsoron fitsarin yaro ba sai a kwanakin nan biyu. Duk sanda ya ce zai yi, mu uku muke tashi mu bi shi da kwalba, mu ɗaga ta a hasken taga. Ranar farko fari tas. Abu Ra'fat ya ce, "Kun gani?" amma bai yi dariya ba. Ya ƙi shiga ɗakin, yana zaune a dandaryar baranda da farar jallabiyyarsa, wai kar yaron ya shaƙi warin wake a jikinsa. Na ce masa wari ba ya yin komai, ya ce ai ni ce ma na taɓa gaya masa jinin yaron lafiya lau yake.

Ranar Lahadi da azahar Mazin ya ajiye makullin ya kwanta. Leɓɓansa suka yi fari. Inshirah ta ɗaga kwalba, na ga launin shayi. Na ɗauki jininsa da kaina na gudu da shi ɗakin awon asibitin, ina roƙon ma'aikatan kamar ban taɓa ganin inji ba. Allah Ya sa muna kusa, akwai jini a ajiye a shirye. Aka rataya leda, muka zauna muna ƙirga ɗigo. Kafin la'asar ɗin washegari ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Bayan wata uku cif na sake awon, na yi tambayar bango da ƙarfi har mai kantin ƙasa ya ji. Mai gadin jinin Mazin bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Na kai takardar da kaina.

Abu Ra'fat yana nan yana sayar da ful, don ba shi da wata sana'a. Sai dai yanzu in uwa ta zo da ƙaramin ɗa namiji, sai ya riƙe ludayi ya ce, "An auna shi?" In ta ce a'a, ya ba yaron burodi da cuku, ya nuna mata matakalarmu. Wasu na fushi su tafi wajen wani. Ranar da na kai takardar, ya sauke gilashin, ya zare tsohuwar ya miƙo min, ya sa sabuwar ya mayar kusa da Ayatul Kursiyyu.

"Doktora, ashe Ra'fat..."

"Ammu, gado ne ta wajen uwa. Kuma a lokacin wa ya sani a unguwar nan?"

"Na ji. Amma shi ma sai da ya kau da kai. Na ce ci mana, ɗan mai wake ba ya ƙin wake."

Ya karɓi kwanona ya zuba, ba tsiya ko ɗaya. Mai ya yi yawa, na karɓa na ci a haka.