Hutun Mako Uku na Malam Aƙilu

A Maska ba wanda ya san takamaimai abin da Malam Aƙilu Shitu ya je karantowa a Turai. An dai ce ilimin taurari ne, har wata tsohuwa ta taɓa aiko masa ya duba mata ranar da ta dace da tarewar jikarta. Ya aika mata da haƙuri, ya ce nasa ba irin wannan ba ne.

Nasa aikin na wata jaririyar tauraruwa ne, wadda ido ba ya ganinta. Ƙura da iskar gas sun kewaye ta kamar faifai, kuma a cikin irin wannan faifan ne duniyoyi suke dunƙulewa. Nisan ya yi yawa, madubin hangen nesa guda ba ya iya rarrabe komai. Don haka a kan wani dutse a ƙasar Chile ake saita manyan madubai huɗu su dubi wuri ɗaya, a janyo haskensu ta ƙarƙashin ƙasa a haɗe shi, sai su yi aiki kamar madubi guda mai faɗin tazarar da ke tsakaninsu. Hasken ma ba wanda ido ke gani ba ne, irin ɗumin da ƙura ke fitarwa ne. Aƙilu bai taɓa zuwa Chile ba. Lambobi ake turo masa a jami'ar da yake digiri na uku a Faransa, shi kuma ya yi ta lissafi har siffar faifan ta fito.

A shekararsa ta biyu ya gano wani gurbi a cikin faifan, da ɗan dunƙule mai haske a gefensa. Farfesar da ke duba aikinsa ta ce in aka sake aunawa bayan wani lokaci aka ga dunƙulen ya matsa, to wataƙila duniya ce ake haifa. Da wannan murnar ya taho gida hutun mako uku, lokacin kakar masara.

Saura kwana huɗu ya koma, mahaifinsa Malam Shitu ya faɗi a bakin rumbu. Aka kai shi asibiti a Funtua, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Aƙilu ne kaɗai namiji a 'ya'yansa, 'yan'uwansa mata uku duk suna gidajen mazajensu, mahaifiyarsa Inna Adama kuwa ciwon gwiwa ya hana ta ko ɗaga tulu. Ya rubuta wa Farfesa yana neman ƙarin wata ɗaya, ta ba shi uku.

Malam Shitu mutum ne mai tsananin kunya. Bai yarda kowa ya ɗaga shi ko ya yi masa wanka ba sai ɗansa. An gwada ɗauko wani ɗan ƙanensa daga Dayi, tsohon ya juya fuska bango, ya ƙi cin abinci kwana biyu. Aƙilu ya koyi juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ya koyi yi masa alwala da gane maganarsa da ta koma rabi-rabi. Da damina ta faɗi, ba mai shuka gonar, sai ya shuka. Daga baya ya karɓi koyar da lissafi a wata sakandare da ke kusa, yadda zai iya dawowa gida a babur kafin azahar. Ya auri Bushra, malamar Islamiyya, suka haifi 'ya mace.

Farfesa ta jira shi shekara biyu. Sannan ta rubuto cikin ladabi cewa an sake auna tauraruwar, kuma dole ta miƙa aikin ga wata ɗaliba. Ranar da sakamakon ya fito, Aƙilu yana gona ana zuba taki. Ya hau kan wani tudu inda waya ke kamawa, ya jira shafukan suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Dunƙulen ya matsa, kusan daidai inda lissafinsa ya nuna. Sunansa ne na huɗu a jerin marubuta. Ya daɗe a tsaye, sannan ya sauko ya ci gaba da zuba takin. Da ya gaya wa Bushra da yamma, ta tambaye shi ko murna yake ko baƙin ciki, ya ce shi ma bai sani ba.

A shekara ta shida da dawowarsa gida Farfesa ta sake nemansa. An ƙara wa na'urar hangen nesa ta Chile ƙarfi, tana son ya zo wata uku kawai. Bushra ce ta kai maganar gaban tsohon, don Aƙilu ya kasa. Malam Shitu ya sa aka kira shi, ya kama hannunsa da hannun da ke motsi.

"Tafi," in ji shi da ƙyar. "Na riƙe ka da yawa."

"Baba, wa zai riƙa ɗaga ku?"

"Allah na nan."

Aka shirya da wani ma'aikacin jinya zai riƙa zuwa safe da yamma. Aƙilu ya yi wata biyu yana zirga-zirgar takardu, aka ba shi biza. Ranar tafiya ya shiga motar Abuja a tashar Funtua, ana jiran fasinja biyu ta cika, sai Inna Adama ta kira. Ba ta ce ya dawo ba. Ta dai ce tun da ya fita tsohon ya ƙi buɗe baki ko ruwa ya sha, ya kuma ƙi yarda ma'aikacin ya taɓa shi, yana kwance yadda aka bar shi, hawaye na bin kunnensa.

Aƙilu ya zauna da wayar a hannu har fasinjojin suka iso. Da direba ya tada mota, sai ya ce a buɗe masa bayan mota ya ɗauki jakarsa.

Ya iso gida kafin la'asar. Tsohon bai dube shi ba. Aƙilu ya ɗora ruwa a wuta, ya yi masa wanka, ya canza shimfiɗa, Bushra ta kawo kunu ya ba shi cokali-cokali har ya shanye. Washegari ya rubuta wa Farfesa layi uku na ban haƙuri, ya hau babur ya tafi makaranta, don 'yan aji uku suna da jarrabawa a makon.