Karkashin Mairuwa Mai Babban Fure

Jiya na ga karkashi ya yi fure, sai na tuna surukata. Zamanin mulkin En'e, ina amarya a Tafoki, ruwan sama ya ɗauke, karkashinmu mai ƙananan fure ya bushe. Ta ja ni garin Mairuwa a ƙafa, neman mai babban fure da kaurin ganye.

Na ce, "Inna, ai duk karkashi ne."

Ta murza ganyen, yauƙi ya cika mata yatsu. "Suna ɗaya, jini daban. Wannan ba ya jin fari. Ba mu komawa sai da irinsa."

Ƙafafunta sun kumbura, amma ta ƙullo irin a bakin zane. Jikokina shi suke ci yanzu. Allah Ya sanyaya makwancinta.