Furannin da Aka Ɗora wa Uwar Amarya

Duk wanda ya taɓa kai bidiyon biki shagon Zulaiha a Tudun Wada ya san hannunta na da kyau, ya kuma san ba ta ɗaukar raini. Da riƙe wa wanta kyamara a gidajen suna ta fara, har ta gane ita ba ɗauka take so ba, tacewa take so. Ta zauna gaban kwamfuta tana yanke inda hoto ya girgiza da inda wani ya gifta, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Ado ne kawai ba ta iya ba: sunan ango ya taso yana juyi, furanni su zubo. Wannan sai Kambai, wani ɗan Kudancin Kaduna da ke Dutsen Kura. Tsarinsu tun farko ɗaya ne. Ita za ta yanka ta kulle, ba mai ƙara taɓa ko ƙiftawar ido, don adonsa da lokacin hoton yake tafiya. Shi kuma ya maido adon daban, a shimfiɗarsa, ita ta ɗora a kai. Sun yi faɗa a kan launi ba adadi, amma ba wanda ya taɓa shiga gonar wani.

Sai ga bikin wata 'yar garin Kuta. Uwar amarya, tsohuwar Bagwariya, ta shigo ɗakin taro da silifas, ƙwaryar doya a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya, ta sauke gaban surukai ta cashe da rawa. Wallahi a duk bikin babu abin da ya kai wannan kyau. Zulaiha ta bar wurin da tsawonsa, ta kulle, ta tura.

Da adon ya dawo ta ɗora, sai ta ga tsohuwa ta ɓace. Furanni jajaye sun taru daidai kanta, ta yi dama su bi ta, ta yi hagu su bi ta. Ƙafafu kawai ake gani.

Ranta ya ɓaci sosai. Ta tari keke sai Dutsen Kura.

"Oga Kambai, uwar wa ka binne da furanni?"

Ya sosa ƙeya. "Anti Zulai, ba ni ba ne fa. Christopher, wan amarya, shi ya zo. Ya ce abokansa na Abuja za su gani, wai maman ta ba shi kunya. Ya san ke ba za ki yanke ba, shi ya sa ya zagayo ta nan."

"Au, ashe ya san ni! Kai kuma ka zama ƙofar baya? Kai da aka haife ka a jirgin sama ko?"

Shi ma Kambai tsohuwarsa citta take nomawa, kuma kunya ta kama shi. Ya ce mutumin ya yi alkawarin kawo musu bukukuwan ofishinsu duka, in kuma aka ƙi, zai ɓata musu suna.

"Ya ɓata. Cire furannin nan daga kanta, ka mayar ƙasa. Ka rubuta Uwar Amarya da manyan baƙi, ya taso a hankali yadda ka yi wa ango."

Ya yi, har ya ƙara wa rubutun ruwan zinare da ba ta ce ba.

Washegari da hantsi Christopher ya dira shagon yana kaɗa makullin mota. Ya kalla, fuskarsa ta canza.

"Madam, ba haka muka yi da yaronki ba."

"Ba yarona ba ne, abokin aikina ne. Kuma ni ba mu yi komai da kai ba."

"Aikina ne, abin da nake so za a yi!"

"To, ranka ya daɗe, bismillah." Ta tashi daga kujerar, ta yi wa wurin rawar alama daga farko zuwa ƙarshe, ta tura masa linzamin kwamfutar. "Ni dai hannuna ba zai goge uwar kowa ba, na Kambai ma ya tuba. Ga ta nan, danna nan sau ɗaya, ta tafi. Kai ka sha nononta, kai za ka cire ta."

Ya zauna da zafinsa, ya ɗora hannu. Hoton na ta maimaita kansa: tsohuwa ta sauke ƙwarya, ta goge gumi da bakin zane, ta waiga tana neman wani cikin taro, ta hango ɗan nata, ta washe baki.

Zulaiha ta jawo ɗaya kwamfutar ta kama bidiyon walimar wasu, ko kallonsa ba ta ƙara yi ba. Har aka kira azahar yana nan zaune, hannunsa a kan linzamin, bai danna ba.