Gwal ɗin da na yi da kwalin sabulu

Shekarun baya, ina 'yar budurwa a Batsari, ƙawata ta dawo hutu daga Katsina da wani katin biki a jaka. A goshin katin an manna wani ɗan fure mai ruwan gwal, tsakiyarsa da dutse kore. Hasken taga na sauka a kansa na daina jin abin da take faɗa. A lokacin ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya, inda kowace amarya ɗakinta ke walƙiya, sai na ga kamar daga can aka tsinko shi.

"Kwali ne fa," in ji ta, tana dariya. "Rufe bakin."

Ita ta koya mini. A yanka kwali da reza, a haɗa shi hawa-hawa da gam har ya yi kauri, a goge gefen ya yi sumul. A shafa baƙin fenti tukuna, in ya bushe a dangwali ruwan gwal da ɗan yatsa a riƙa murzawa, baƙin na leƙowa ta lungu kamar tsohon ƙarfe. Duwatsun kuwa daga tsohon mayafin mahaifiyata na ɓamɓaro su. Nakan wuni ƙarƙashin darbejiyar gidanmu ina murza, ina ƙirƙiro wanda zai ga aikin hannuna ya kasa barci. Har muryarsa na zaɓa masa.

Da aka sa bikin yayata zuwa Runka, na ce ɗakinta sai ya fi na littafi. Na yi furanni da taurari da jinjirin wata, na manna su a kan farar takarda mai kauri, muka jera a bango saman gado. Matan garin suka yi ta shiga suna fita. Ina gefe ina jin daɗi, ban gaya wa kowa da me aka yi ba. So nake a ɗauka na gaske ne.

Ai kuwa an ɗauka.

Ba a daɗe ba mijin yayata ya zo gidanmu a babur. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyata, aka tambayi gida da gona da damina, sannan ya rage murya.

"Inna, magana ce ke yawo, wai an kawo mini mata da gwal har a bango. Kin san yanzu magana ba ta tsayawa a cikin gari. Daji take shiga."

Mahaifiyata ta dube ni. "Ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Ɗauko mayafinki."

A bayan a-kori-kura na tafi, cikin buhunan gero. Yayata ta kira maƙwabta kamar za a yi hira. Na hau gado na ciro furen da na fi so, wanda na yi kwanaki a kansa, na sa farce na raba shi biyu. A ciki ga rubutun kamfanin sabulu, ja da shuɗi.

Wata tsohuwa ta karɓa, ta kai hanci ta shinshina.

"Ashe kwalin sabulu muke ta yi wa salati. 'Yar nan, Allah Ya shirye ki. Ba ni sauran."

Ta ƙulle su a bakin zane ta shiga gari gida-gida, har majalisar maza ta tsaya ta nuna. Kafin la'asar yara na wasa da taurarina a bakin rijiya. Na yi kuka a bayan ɗaki, amma ba zan ɓoye muku ba, cikin kukan akwai wani ɗan alfahari.

Babu abin da ya sami yayata, alhamdu lillahi. Har yau ina wannan aikin, har yau in ruwan gwal ya hau yatsana hankalina kan tafi wani gari da babu shi. Sai dai yanzu kafin in fara nakan tambayi inda za a rataye shi, da wa zai gani.

Su yayata daga baya sun taso daga Runka kamar mutane da yawa, suna haya a nan Batsari da 'ya'yanta. Kwanaki na ga bangonta fayau, na ce, "Yaya, in yi miki wasu?"

Ta daɗe tana kallon bangon, tana murmushi.

"Yi mini, auta. Amma kar ki manna su da takarda. Rataye su da zare, yadda duk wanda ya shigo zai iya juya bayan."