Mujitaba da Bulon Leda

Tun yana ƙarami a Ƙafin Maiyaki, Mujitaba ba ya barin abu yadda ya same shi. Ya kwance rediyon ubansa, ya kwance keken ɗinkin uwarsa, Allah ne ya tsare bai kwance uwar ba. Ya girma ya zama mai buga bulo, sai ga shi a bola yana tsintar ledar fiyawata, mutum da gemunsa.

Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: me ya sa leda ba ta ruɓewa, katanga kuwa duk damina sai ta zube? Shekara huɗu yana narka leda a rabin duro yana zuba yashi. Wani bulon ya tsage, wani ya lanƙwashe a rana kamar alewa. Rannan ya tarar da gwaggonsa Kyauta tana daɓen ɗaki: ta yayyafa ruwan makuba, ta buga, ta jira, ta sake. Ya koma ya yi haka da tokar ƙaiƙayin shinkafa, kaɗan-kaɗan. Bulo ya tsaya, ko ruwa ba ya sha.

Da ya nemi takardar mallakar fasaha, sai wani kamfani a birni ya ce sam, wannan abu a fili yake, duk ƙwararren magini zai gano shi.

Lauyarsa Lubabatu ta ja masa kunne: "Malam Mujitaba, maganar ɗaya ce. In kowa zai iya ganowa, babu takarda."

Ranar sauraron ƙarar, shugaban kwamitin ba da takardar ya juya bulon ya ce, "Malam, ka yi ƙoƙari."

Mujitaba, ɗan gidan tarbiyya, ya sunkuyar da kai. "Haba, ranka ya daɗe, ai ba wani abu ba ne. Kowa ma zai iya."

Lauyan kamfani ya yi maza ya rubuta maganar. Lubabatu ta dafe kai.

Sai Gwaggo Kyauta ta miƙe daga baya. "Kowa? Kai, gafara can! Shekara huɗu kana ƙona mini tsakar gida! Ranka ya daɗe, kunya ce irin ta garinmu. A ba mai kwat ɗin can duro da leda mu gani."

Mai kwat ɗin injiniyan kamfani ne; aka ba shi mako biyu. Abin da ya kawo, Gwaggo ta marmashe shi da ɗan yatsa.

Takarda ta fito. Har yau in ka yaba bulon, bakin Mujitaba zai fara motsi, sai ya tuna, ya ce, "Da wuya fa," yana kallon ƙasa kamar an kama shi da sata.