Na Je Legas Wankan Jego, Mai Jegon Ta Ƙi Ruwa

Duhun asuba bai gama washewa ba muka bar Zuru, ni da ƙanen maigidana, tsohon soja ne da ya san Legas tun yana saurayi. An yi ruwa kafin mu fito, gajimare ya sauko ya kwanta a kan duwatsun bayan gari kamar an shanya musu farin zane. Ku matan zumuntar cocinmu da kuka matsa mini sai na ba da labari, kun san ni. Ko Mahuta da ke nan kusa ba na zuwa sai in an yi rasuwa. Ni dai a bar ni da murhuna da 'yan awakina.

Abin da ya fitar da ni shi ne ɗana Yohanna. Ya tafi Amurka karatu tun ina da ƙarfin daka, ya zauna har ya zama ɗan ƙasa. A makaranta ya haɗu da wata 'yar Caina. Ita da ta gama karatu takardar zamanta ta ƙare, dole ta fita, sai ta karɓi aiki a wani kamfanin mutanensu a Legas. Nan ya biyo ta aka ɗaura aure, ya shigar mata da takardu don ta koma wurinsa a matsayin matar aure, aka ce su jira. Jira ya yi jira. Ya zo hutu ya koma, ya sake zuwa ya koma, har ta haifi ɗa namiji yana can tana nan. Uwarta kuma ba ta samu zuwa ba.

Ya kira ni a wayar maƙwabcinmu, muryarsa na zuwa tana komawa. Ya ce, "Mama, ki je ki riƙe mini ita. An sa mata ranar ganawa da mutanen ofishin jakadanci. In ranar nan ta wuce ba ta je ba, ban san sanda za mu sake samun wata ba." Na ce to, wannan me ne ne a ciki, ba tafiya ce kawai ba? Ashe da sauran magana.

Na ɗaure kayana yadda kowace uwar miji za ta ɗaure: damin ganyen darbejiya da na runhu, kanwa, gero, citta, daddawa, da kaji biyu masu rai. Ƙanen maigidana ya dubi kayan a tasha ya ce, "Uwargida, Legas za mu ko sabon gari za ki kafa?" Na ce, "Saja, ɗauki kajin ka yi shiru, wannan ya fi ƙarfin bindiga."

Hanyar Kontagora tana nan yadda kuka san ta, rami na miƙa ka ga rami. Amma damina ta yi kyau, dawa ta kai ƙirji, ko'ina kore shar, har na manta da ciwon baya. Na jingina da gilashi ina ta zana jaririn a raina. Wani lokaci in ba shi hancin kakansa, wani lokaci in ba shi idon uwarsa, in goge in sake. A Kontagora muka sauya mota, direban ya ce sai an biya wa kaji kuɗin kujera, Saja ya yi masa muryar fareti, magana ta mutu.

Bayan Mokwa ƙasa ta fara canza fuska. Doya jibge a bakin hanya, kowace kamar cinyar ƙato, da araha har sai da na tambaya sau biyu. A gadar Jebba na ga kogin Kwara. Jama'a, ban taɓa sanin ruwa na iya yin faɗi haka ya kuma yi shiru ba. Wani mutum shi kaɗai cikin kwalekwale a tsakiya, ba ya tuƙi, yana zaune kawai, ruwa na tafiya da shi. Na daɗe ina waiwayensa. Mata masu ƙyafaffen kifi suka yanyame motar, muka saya muka ci da burodi, ƙamshin hayaƙin ya bi mu har Ilori, inda muka kwana a bariki wurin wasu mutanenmu. Duk barikin da ka shiga a ƙasar nan sai ka ji ana gaisuwa da yarenmu, wannan kam gaskiya ne.

Washegari daji ya rufe, itatuwa dogaye kamar suna leƙen juna. A Ibadan rufin kwano ja ya malale har iyakar ganina. Aka kawo mini wani tuwo baƙi mai santsi, na ce ya ƙone ne, aka yi ta dariya, aka ce na garin doya ne, haka kamanninsa suke. Na ci, ya wuce lafiya. Legas kuwa ba zan iya kwatanta muku ita ba. Ku ɗauki kasuwarmu ranar da ta fi cika, ku zuba mata motoci rawaya, ku hana ta watsewa har abada.

Surukata na zaune a bene hawa na uku. Sau ɗaya na taɓa ganinta, wata Kirsimeti da suka zo gida ta ci tuwo da cokali. Tana da 'yar Hausa da ta tsinta wurin masu gadi da direbobin kamfani, ni kuma ina da Turancin bariki, da su muke lallaɓawa. Ta buɗe ƙofa ta ce, "Mama, sannu da hanya, yaya mota?" kamar wani ɗan kamasho. Na rungume ta. Sai na lura ɗakin ya yi zafi kamar tanda. Tagogi a rufe, fanka a kashe, ita kuma ga hular ulu, ga safa, ga riga kan riga. Nan take aka miƙo mini jikana, angona. Ɗan mitsitsi, gashi baƙi a miƙe kamar na masara, hancin kuwa na kakansa ne sak. Na ce masa, "Kai, da wannan hancin za ka aure ni?" Ya yi hamma.

Da gari ya waye na kama aikin da ya kawo ni. Na cika babbar tukunya na ɗora, ruwa ya tafasa har yana tsalle, na jiƙa ganye, na buɗe tagar banɗaki don tururi ya samu hanya. Na ce, "Taso, 'yata." Ta leƙo ta ga tururi, ta ga ganye a hannuna, sai ta ja da baya har ta bugi bango. Ta ce, "Mama, a'a. Ba wanka. Wata ɗaya ba wanka, ba fita." Na ce tun da kika haihu ba ki yi ba? Ta girgiza kai. Na ce, "Ke, so kike ki kumbura?" Ta shige ɗaki ta tura ƙofa.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo. Na zauna a baranda ruwana na hucewa, ina cewa a raina yarinyar nan ta raina ganyen ƙauye ne. Saja ya ce, "Ki yi wankan da kanki mana, kada wuta ta tafi a banza." Ban ko dube shi ba.

Haka muka yi 'yan kwanaki, ina dafa mata farfesun kaza tana sha, amma zancen ruwa babu. Kullum da hantsi uwarta ke kira daga Caina. Ni ko kalma ɗaya ban sani ba, sai dai kunnena ba ya barci. Tsohuwar ta ɗaga murya, ta sauke, ta maimaita abu guda sau da yawa, ƙarshen maganar yana rawa. Na tsaya da wanke-wanke. Na san muryar nan. Da irinta uwata ta tsaya a kaina lokacin da na haifi Yohanna na ce ruwan ya yi zafi. Muryar mai faɗa ce wadda tsoro ya cika wa ciki.

Da ta ajiye waya na ce, "Me take cewa?" Ta ce, "Ta ce jikin mai haihuwa a buɗe yake. In ruwa ya taɓa ni ko iska ta buge ni, sanyi zai shiga ƙashi, in tsufa da ciwo." Na zauna a bakin gado. Na ce, "Sanyi? 'Yata, ai mu ma shi muke kora. Ku kuna rufe masa ƙofa, mu muna ƙona shi da ruwan zafi." Ta dube ni, na dube ta, sai dariya ta kama mu har jaririn ya farka. Daga baya ta ce a wurinsu an yarda a goge jiki da ruwan citta mai zafi. Citta kuwa na zo da ita kamar ta sayarwa.

Amma babbar maganar tana nan. Ranar ganawa ta faɗo kafin watanta ya cika, uwarta kuma ta rantse ba za ta taka waje ba. Yohanna ya kira yana roƙo, uwa ta kira tana kuka, yarinya a tsakiya ta rame kamar tsinke. Ana gobe za a je, ta ce mini ta fasa, ba za ta iya saɓa wa uwarta ba, in ya so su ƙara jira. Na dubi angona da bai taɓa jin hannun ubansa ba. Na ce, "Kira mini ita."

Na karɓi waya na yi mata Hausa tsantsa. Na ce, "'Yar'uwa, ni ma na haifa, na kuma binne. 'Yarki tana hannuna. In iska ta taɓa ta gobe, ki tambaye ni." Ta yi nata yaren mai tsawo, na ce i, haka ne. Ta ƙara, na ce wallahi kuwa. Yarinyar na gefe tana ƙoƙarin fassara, muka wuce ta. Can tsohuwar ta yi ajiyar zuciya, ta faɗi wata gajeriyar magana. Surukata ta share ido ta ce, "Ta ce a rufe mini kai da wuya sosai."

Da safe na goge ta da ruwan citta, na dama kunun kanwa mai kauri na zuba a fulas. Na sa mata safa biyu, na ɗaura mata zanena na zumunta kan siket ɗinta, na naɗe kai da wuya da gyale, Saja ya ba da tsohuwar suwaitarsa ta soja. Muka ɗauki tasi, na ce wa direba a rufe gilashi duka. Ya ce, "Mama, a Legas? Za mu dahu!" Na ce mu dahu. Muka bi wata doguwar gada a kan ruwa, gumi na zuba, Saja na fifita da hularsa yana cewa ko a fagen yaƙi bai sha irin wannan ba.

A bakin ofishin layi ya yi tsawo, kowa ya ci ado ya rungume takardunsa, ana ta kallon 'yar Caina cikin suwaitar soja da zanen coci. Ba a shiga da fulas, don haka ta shanye kunun a tsaye. Ni ma ba a bar ni na shiga ba. Na goya angona na samu inuwa a bakin ruwa. Manyan jirage na wucewa a hankali kamar gidaje sun tashi yawo. Na yi ta kallonsu ina jin numfashinsa a bayana, har na ga kamar duwatsun Zuru ne ke tafiya a kan ruwan, da gonakinmu da awakina a kai. Ban san ko gyangyaɗi na yi ba.

Rana ta karkata kafin ta fito. Daga nesa na ga tafiyarta na gane. Ta ce wata Baturiya ce ta gana da ita, ta tambaye ta yadda suka haɗu da Yohanna, da abin da mijinta ke so a ci, sannan ta dubi kayan jikinta ta ce wa ya yi mata wannan shiri. Surukata ta ce mata uwar mijinta ce, tana waje da goyo. Matar ta yi murmushi, ta ce ta dawo ta karɓi fasfonta da biza a ciki. Na yi guɗa a bakin titin Legas, masu gadi suka juyo. Sai da guɗar ta fita sannan na tuna abin da nake wa murna: za su tafi ke nan.

Na zauna har watanta ya cika, ta buɗe tagogi da hannunta. Yohanna zai zo ya gama takardun yaron ya kwashe su. Ranar da za mu taho ta raka mu tasha, ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, sai kin zo." Na ce to. Ni da ita mun san nisan wurin.

Dawowa ba ta yi tsawon zuwa ba, ko don hankalina na can Legas ne, har Saja ya tambaya ko ba ni da lafiya. Da yamma muka shigo Zuru, dawa ta fitar da kai, awakina sun yi ƙiba a hannun maƙwabta kamar ba su yi kewata ba.

Abin da na koyo, 'yan'uwa, ba shi da yawa. Duk inda uwa take a duniya tsoronta ɗaya ne, hanyar maganinsa ce kowa da tasa, kuma kafin ka ce an raina ka, ka saurari abin da mutum yake tsoro. Na kuma koyi cewa wani riƙon, ƙarshensa ka naɗe mutum da kyau ka miƙa shi. Jiya ina cirar ciyawa a gonar gyaɗa wani jirgi ya wuce can ƙololuwa, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Na san ba su ba ne, lokaci bai yi ba. Duk da haka na ajiye fartanya na tsaya har ya ɓace, bayana yana ta ɗumi daidai wurin goyo.