Ranar da Dada ta je zaɓen jika

Shekara goma sha ɗaya ina gidan miji a unguwar Jekadafari ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Da muka yanke shawarar zuwa a yi mini dashen ciki, mun ɓoye wa kowa, amma zancen duniya ba ya ɓuya. Surukata, wadda duk gidan muke kira Dada, ta ji. Ƙari a kan haka, wata maƙwabciya ta karanto mata a waya cewa yanzu likitoci na gwada wasu 'yan ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, suna tace irin namiji da su, har ana cewa za a iya zaɓar namiji ko mace.

Ranar ganin likita sai ga Dada ta sha lulluɓi, wai da ita za a je. Na ce shi ke nan, magaji za ta je nema, in kuwa Allah ya ba ni mace an gama murna da ni. Muka hau Keke Napep muka nufi asibiti.

Da muka shiga wurin likitar, ta dubi ɗanta, wato mijina, ta ce, "Kai, fita." Ina uwa za ta yi zancen haihuwa a gaban ɗan da ta haifa? Ya fice sumui-sumui. Sai ta matsa kusa da likitar, ta rage murya kamar mai taya zane a kasuwa.

"'Yar nan, an ce kuna zaɓa. To, mace nake so. Maza bakwai na haifa, ba mai yi mini kitso, ba wadda zan yi wa gara. Awarwaron uwata na nan a adaka yana jira."

Dariya ta ƙwace mini har da hawaye. Likitar ma ta dara, ta ce, "Hajiya, wannan abin yana hannun masu bincike tukuna, mu ba ma zaɓa. Addu'armu dai ya kama."

Dada ta dafa gwiwata. "To, ko mene ne a sa mata. Na gaji da ganin yarinyar nan tana goyon 'ya'yan mutane tana yaƙe."

Ban taɓa sanin tana lura ba. Kunya ta kama ni, ga wani daɗi da ban san inda zan sa shi ba.

A gwaji na biyu cikin ya zauna. Na haifi namiji, ƙato. Da aka miƙa wa Dada shi, ta buɗe zanen ta leƙa, ta ce, "Kai ma? Wallahi kun haɗa baki!" Sai ta rangaɗa guɗar da ta sa ma'aikatan jinya fitowa a guje. Har azahar ina roƙonta ta ba ni ɗana in shayar, tana cewa in bari angonta ya gama kallonta.